Babi na Bakwai: Zangon da Ba Shi da Mai Masauki

Duk wanda zai hau jirgin sama zuwa wata ƙasa daga arewacin Jamhuriyar Benin, a mota tafiyarsa take farawa. Daga Parakou zuwa Kwatano ya haura kilomita 400, daga Djougou kuma ya fi haka, ga shi filin jirgin Cadjèhoun, wanda aka raɗa wa sunan Cardinal Bernardin Gantin, shi ne ƙofar da kusan kowa ke bi. An gina sabon fili a Tourou, bayan garin Parakou, a zamanin Shugaba Boni Yayi, har jirgi ya sauka a cikinsa a 2016, amma bai zama tashar da mutanen arewa ke dogaro da ita wajen fita waje ba. Jirgin ƙasan da ya iso Parakou a 1936 shi ma ya daɗe da daina ɗaukar fasinja. Saboda haka mutumin unguwar Kpébié ko ta Zongo a Parakou, da ɗan kasuwar Arzèkè ta garin mai zuwa Dubai sarin kaya, da tsohuwar da 'ya'yanta suka yi karo-karo suka biya mata kujerar Makka, duk sai sun wuni a bas kafin su ga jirgi da idonsu. Wannan nisa shi ke ƙara wa jinkiri nauyi. In aka ce wa mazaunin Kwatano an ɗage tashi sai gobe, zemijan, wato acaɓa, zai hau ya koma ya kwana a ɗakinsa. Mutumin Djougou kuwa ya riga ya yi sallama da gida, an raka shi tasha, an yi masa addu'a, kuɗin da ke aljihunsa guzurin can ne, ba na nan ba. Hujjar wannan babi ita ce: jinkirin jirgi abu ne da ba a iya kawar da shi, wani lokaci ma shi ne alheri, amma kwanan matafiyi a kan siminti ba tare da wanda ya san da zamansa ba aikin mutane ne, kuma yana da magani, maganin da Parakou da Djougou suka sani tun kafin a ƙera jirgi.

Daren jira kusan kamarsa ɗaya a ko'ina cikin yankin nan, a Kwatano ne ko a Yamai ko a Kano. Da magariba allon sanarwa zai nuna an jinkirta, ba a faɗi zuwa yaushe ba. Bayan isha'i wani ma'aikaci zai leƙo ya ce jirgi na hanya, a ƙara haƙuri. Can wajen sha ɗaya na dare sai a ga an kashe fitilar teburin kamfanin, an kulle durowa, ma'aikatan sun sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rage sai masu gadi da masu shara, su kuwa ba su san komai ba. Daga nan ɗakin jira zai koma wani gari na wucin gadi. Matasa sun yi cincirindo a gindin soket ɗaya da ke aiki, kowa riƙe da cajarsa yana jiran layi. Mata sun shimfiɗa zannuwa a lungu, sun yi matashi da jakunkuna, sun ɗaura igiyar ƙaramar jakar fasfo a wuya don kada barci ya yi musu sata. Dattijo mai ciwon suga yana lalube, ya tuna maganinsa na cikin babban akwatin da aka riga aka auna aka shige da shi. Kantin da ya rage a buɗe yana sayar da gorar ruwa ninkin kuɗinta na waje. In lasifika ta yi magana, da Faransanci take yi, ta maimaita da Ingilishi, alhali rabin masu sauraro Dendi ko Baatonum ko Yom ko Hausa ko Fillanci suke ji, sai kowa ya juya yana tambayar na kusa da shi me aka ce. Yunwa da sanyin na'ura suna cin mutane, amma abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin sani: ba mai iya fita neman masauki don tsoron kada a kira jirgi a bayansa, ba mai iya runtsawa don tsoron kada a tashi a bar shi.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a san abin da ke tsayar da jirgi. Na farko yanayi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi ta watsa ta har bakin teku, kuma in hazo ya yi kauri matuƙi ba ya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, musamman a filayen da na'urar jagorantar sauka ba ta da ƙarfi ko ta lalace. Da damina kuma hadari ne da guguwa. Na biyu, jirgi ɗaya yakan yi sawu huɗu ko biyar a rana, don haka sa'a guda da ya ɓata a Libreville da safe takan zama sa'a uku kafin ya iso Kwatano da dare. Na uku, doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙa za su yi suna aiki. In jinkiri ya cinye su, dole su kwanta su huta ko da jirgin lafiyarsa ƙalau. Na huɗu, ƙaramin ƙarfe in ya lalace, sau da yawa sai an aiko da shi daga Turai, domin ba a ajiye irinsa a nan. A kan waɗannan duka akwai ƙarancin jirage. Air Afrique, wanda ƙasashen da suka haɗa da Dahomey ta wancan lokaci, wato Benin ta yau, suka kafa a 1961, ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. ASKY da ya fara tashi daga Lome a 2010, da wasu irinsa, sun cike wani giɓin, amma har yau hanyoyi da yawa jirgi ɗaya ke bin su a rana, wasu ma sau biyu ko uku a mako. A Paris in jirginka ya lalace akwai wani bayan sa'a biyu. A nan, wanda ya rasa na yau sai gobe ko jibi.

Kuma duk wanda ya san tarihin sufurin alhazai ba zai yi fatan a hana jirgi jinkiri ba. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya shirya tasowa daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai. An lura iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa, ba a sami iskar nitirojin da ake zuba musu a kusa ba, kuma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a ɓata lokaci ba. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu, mutum 261 da ke ciki ba wanda ya tsira. Ranar Kirsimeti ta 2003, a Kwatano kanta, wani Boeing 727 mai zuwa Beirut da aka labta wa kaya fiye da kima ya kasa ɗagawa, ya bugi gini ya faɗa bakin teku, kusan mutum 140 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunan yanayi, ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A kowanne daga cikin ukun nan, tsayawar 'yan sa'o'i a hura taya, ko a sauke kaya, ko a bar hadari ya wuce, da ta fi kowace kyauta daraja. Matuƙin da ya ce ba zai tashi ba yana iya zama shi ne babban masoyin fasinjojinsa a wannan dare. Don haka ba a kan jinkiri ƙorafin yake ba. Tambayar ita ce: bayan an tsaya, baƙon wa ye wannan matafiyi?

Parakou da Djougou sun taɓa amsa wannan tambaya, domin a kanta suka girma. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fataken goro daga Kano da Katsina, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou da Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Baturen nan Hugh Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, mai mutum kusan 1,000. Tafiyar watanni ce, kuma jinkiri shi ne abincinta na kullum: kogi ya cika, jakuna sun gaji, an ji labarin mahara a gaba, sarki bai gama karɓar gaisuwa ba. Amma jinkirin yana da tsari. Ayari na da madugu, wanda ke magana da sarakuna a madadin kowa, ya yi cinikin kuɗin fito da na hanya, ya yanke ranar tashi ya kuma faɗa wa mutane. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya shirya masauki. In an iso gari akwai zango, a cikin zango akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, matan gidansa su dafa masa abinci, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Unguwar Wangara ta Djougou da unguwannin Zongo da ke warwatse daga nan har Kumasi daga wannan sana'a suka fito. Bafataken da ya maƙale mako biyu a Djougou ya san sunan mutumin da zai je wa in ciki ya murɗa masa cikin dare.

Kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. An yi fashi a hanyoyin Borgu, an tatsi fatake da haraji, kuma da yawa cikin masu ɗaukar kayan ayari bayi ne da ba a tambayi ra'ayinsu ba. Fatoma ma ba don Allah kaɗai yake yi ba, la'ada yake ci a kan cinikin baƙonsa. Sai dai a nan darasin yake. Arzikin fatoma a ɗaure yake da jin daɗin baƙo, domin bafatake zai dawo baɗi, kuma labarin mai masaukin da ya wulaƙanta mutum zai riga shi isa Kano. Masanin nan Abner Cohen, da ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya tarar da tsarin yana nan da ransa a cinikin shanu da goro: mai gida na ciyar da baƙi yana lamunce musu bashi, jarinsa kuwa sunansa ne. Sufurin jirgin sama ya kwance wannan ɗauri ta fuska uku. Ana karɓar kuɗin tun kafin a yi aikin. Fasinja ba shi da zaɓi sosai, tunda jirgi ɗaya ne ke bin hanyar. Sannan an rarraba alhakin har ya ɓace: filin na wata hukuma ne, masu auna kaya na wani kamfani ne da aka ba kwangila, tikitin wani ejan ya sayar a Parakou, jirgin kuma wataƙila haya aka yi daga wata nahiya. Kowa cikinsu yana da gaskiyarsa in ya ce ba shi ba ne. Yarinyar da ke zaune a teburin kamfani, wadda ake zazzaga wa masifa, ba ta da ikon sayen ko burodi ɗaya da kuɗin kamfanin, shi ya sa take sulalewa.

A jigilar alhazai wannan rauni ya fi fitowa fili. Maniyyaci yakan biya kuɗin kujera watanni kafin tafiya, mafi yawa sau ɗaya zai je a rayuwarsa, da yawa tsofaffi ne da ba su taɓa shiga jirgi ba, ba sa karanta Faransanci ko Ingilishi. Ba zai dawo baɗi ba balle a ji tsoron rasa cinikinsa. Jiragen kuma 'yan kaɗan ne ke kai-komo, ga izinin sauka a Jidda ko Madina da ake bayarwa da sa'a, ga biza da kan makara, ga ranar da Saudiyya ke rufe ƙofar shigowar alhazai kwanaki kaɗan kafin Arfa. Sawu ɗaya in ya zame, duk na bayansa sun zame. Abin da ya faru a Najeriya a 2022 misali ne da kowa ya gani. Bayan shekara biyu da annobar korona ta hana zuwa, an ba ƙasar kujeru 43,008, aka yi shiri a gurguje, maniyyata suka yi ta kwana a sansanin alhazai cikin atamfar ayarinsu, har ƙofa ta rufe ɗaruruwan mutanen Kano ba su tashi ba, hukumar alhazai ta NAHCON ta fito ta ba da haƙuri. Kano ke nan, garin da jirgi ya fara sauka a 1925, inda sansanin yake a cikin gari, dangi na iya kawo tuwo da fura. Sai a auna halin maniyyacin Djougou da aka kira Kwatano tun jirgi bai tabbata ba, a garin da ba ya jin yarensa, yana cin guzurin Makka a bakin teku.

Abin mamaki, doka ta riga ta naɗa fatoma, a takarda. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Benin da Najeriya duk suna cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da jinkiri ya jawo a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, sai in ya nuna ya yi duk abin da hankali zai ɗauka don kauce mata. Tarayyar Turai ta ƙara gaba da dokarta mai lamba 261 ta 2004, wadda ta raba abu biyu. Akwai diyya, daga Yuro 250 zuwa 600, wadda ba a biya in dalilin ya fi ƙarfin kamfani. Akwai kuma kulawa, wato abinci da abin sha da hanyar kiran gida, da otal da motar kaiwa in za a kwana, wadda ba ta faɗuwa ko mene ne dalili. An gwada wannan a Afrilun 2010, lokacin da dutse mai aman wuta a Iceland ya turnuƙe samaniyar Turai da toka, aka soke tashin jirage kusan 100,000. Kamfanin Ryanair ya ce wannan ya wuce misali, amma a 2013 kotun Tarayyar ta yanke cewa ko dutse ne ya yi aman wuta, ciyar da fasinja da kwantar da shi suna wuyan kamfani. A yankinmu ma ba a bar wurin fayau ba. Ƙungiyar UEMOA, wadda Benin da Nijar ke ciki, ta yi ƙa'ida tun 2003 a kan hana fasinja shiga da soke tashi da dogon jinkiri. Dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya, sun tanadi abin taɓawa bayan sa'a biyu a jiragen cikin gida, da otal da mota in jiran ya shiga tsakar dare. Haƙƙin yana nan. Abin da babu shi ne mutumin da zai tsaya da ƙarfe ɗayan dare ya cika shi.

Wannan ra'ayi na da masu suka. Suka ta farko daga cikinmu take fitowa, kuma da kyakkyawar niyya. Za a ce tafiya ta gaji wahala, komai da lokacinsa, wani jinkirin alheri ne, kuma wanda ya nufi ɗakin Allah bai kamata ya tsaya jayayya a kan katifa ba, ga kakanni sun yi shekaru a hanya ta Fort-Lamy da El Fasher da Sawakin, suna noma suna ƙara gaba. Duk wannan gaskiya ne, kuma haƙurin da mutanenmu ke nunawa a irin waɗannan darare abin girmamawa ne. Amma haƙuri ado ne ga wanda aka jarraba, ba garkuwa ba ce ga wanda ya karɓi kuɗi ya kasa cika amana. Addinin da ya yi umarni da haƙuri shi ne ya yi umarni da cika alkawari, shi ne kuma ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da mai dukiya ne a garinsu. Malaman da suka karantar da haka ba su ɗauki maƙalewar matafiyi ƙaddarar da za a zuba wa ido ba, sun ɗauke ta haƙƙi a wuyan masu hali. Alhazan ƙafa kuwa ba wanda ya karɓi miliyoyin sefa a hannunsu ya yi musu alkawarin rana da sa'a. In ma'aikaci ya ce wa tsohuwa "Hajiya, a yi haƙuri" alhali a hannunsa babu ruwa babu labari, ya ari kalmar addini ne ya rufe giɓin aikinsa.

Suka ta biyu ta masu lissafi ce, kuma ta fi nauyi. Kamfanonin jiragen Afirka a kan siraɗi suke tafiya: man jirgi na da tsada, haraji da kuɗin sauka sun yi yawa, kayan gyara da dala ake saye, kuma kaburburan kamfanonin da suka mutu sun isa shaida. In an tilasta musu otal ga mutum 150 duk daren da hazo ya sauka, ko su rushe ko su ƙara kuɗin tikiti. Amsa ta farko ita ce kuɗin wannan dare ba ya ɓacewa don kamfani ya ƙi biya. Wani ne ke biya, kuma shi ne mafi rauni a cikin cinikin: 'yar kasuwar da jarinta ke narkewa a kantin filin jirgi, ko dattijon da zai isa Makka da tari. In an raba kuɗin a kan dukkan tikitocin shekara, ɗan ƙari ne da kowa zai iya ɗauka, kuma kamfani na iya ƙulla yarjejeniya da otal a farashin da fasinja ɗaya ba zai taɓa samu da tsakar dare ba. Amsa ta biyu, mafi yawan abin da ke rage azabar daren ba shi da tsada. Faɗin gaskiya kyauta ne. Cewa "jirgin nan ba zai tashi ba kafin ƙarfe takwas na safe, ku je ku kwanta, ba za a bar kowa ba" bai ci ko dala ɗaya ba, amma ya 'yanta mutum ɗari daga gadin ƙofa. Ruwan sha, da tabarmi da barguna a ma'aji, da buɗe masallaci da banɗaki har asuba, da barin mai magani ya kai ga akwatinsa, ba su ne suka kashe Air Afrique ba.

Suka ta uku ita ce mafi hatsari in an yi sakaci da ita. In jinkiri ya zama asara ga kamfani, ashe ba a tura shi ga irin gaggawar da ta ƙone jirgin Jidda ba? Wannan tsoro na da tushe, kuma shi ya sa rabewar da dokar Turai ta yi take da hikima. Diyya hukunci ce, don haka ba a ɗora ta a kan kamfanin da hazo ko guguwa suka tsayar. Kulawa kuwa ba hukunci ba ce, haƙƙin baƙunci ne, kuma kuɗinta bai kai abin da zai sa mai hankali ya yi caca da jirgi ba. Hasali ma rashin kulawa shi ke ƙara matsin. Fasinjojin da aka bari da yunwa da jita-jita su ne ke dukan tebur, su tare ƙofa, su ce sai an tashi ko ta halin ƙaƙa, jami'in da ke tsaye gabansu kuma shi ne zai fi son a rufe ido a kan taya. Waɗanda aka ciyar aka gaya musu gaskiya sun fi yarda a jira gari ya waye. Mai son matuƙi ya sami sararin cewa a'a, to ya nemi a kula da mutanen da za su kwana saboda wannan a'a ɗin.

Akwai kuma masu cewa a bar wa jama'a, ai ba a rasa masu alheri. Lallai ba a rasa su. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da Amurka ta rufe samaniyarta, jirage 38 suka sauka a Gander, wani ƙaramin gari a Kanada mai mutum kusan 10,000, da fasinjoji fiye da 6,500, mutanen garin suka buɗe makarantu da majami'u da gidajensu suka riƙe su kwanaki. Unguwar Zongo ta Kwatano da masallatanta sun daɗe suna irin wannan ga 'yan arewa ba tare da an rubuta su a jarida ba. Amma alherin sa-kai na ranar da ba a saba gani ba ne. Hazo kuwa kowace shekara yake zuwa, aikin Hajji ma haka, kuma abin da aka san ranar zuwansa shiri ake yi masa. Ban da haka, alheri yana bin sanayya. Wanda ke da ɗan'uwa a Zongo zai sami tabarma, baƙuwar da ba ta san kowa ba, ko wadda ta riga ta wuce shingen jami'an shige da fice ba ta da ikon fitowa, ita za ta kwana a kujera. In masu unguwa suka ci gaba da ɗaukar nauyin da wani ya karɓi kuɗinsa, sun zama masu tallafa wa kamfani da tuwon gidajensu.

Abin da ake bukata, ke nan, shi ne a maido da madugu da fatoma cikin tsarin zamani, da sunansu da ikonsu. Hukumar kula da sufurin sama, ANAC a Benin ko NCAA a Najeriya, tana iya sa wa kowane kamfani sharaɗin cewa muddin akwai fasinjansa a fili, akwai jami'insa guda da aka rubuta sunansa a allo, mai ikon sa hannu a kan abinci da masauki ba sai ya kira hedikwata ba. Sanarwa ta fita a kan lokaci sananne ko da babu sabon labari, kuma a jiragen alhazai ta fita da Dendi da Hausa da Baatonum da Yarbanci. Masu shirya Hajji su daina kiran mutanen Parakou da Djougou zuwa Kwatano sai biza ta fito kuma sawun ya tabbata. Yau da waya ke hannun kowa, wuni guda ya isa a tara ayari a Parakou a sa shi a bas. A riƙe wani kaso na kuɗin jigila a hannun hukuma har sai an dawo da alhaji na ƙarshe, a cire kuɗin duk daren da aka bar mutane a ƙasa, domin kamfanin da ba ya tsoron rasa suna yana tsoron rasa cikon kuɗinsa. Kowane ayari kuma ya tafi da jagoran da ya san abin da doka ta ba mutanensa, wanda zai nemi a rubuta masa dalilin jinkiri, ya adana rasit, ya kai ƙara in an dawo. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arzèkè da limaman Djougou suna da murya da yawan da za su nemi waɗannan, kuma ba baƙon abu za su nema ba. Ko Tourou ya zama ƙofar fita waje gobe, hazo zai ci gaba da sauka a Parakou, ya fi na Kwatano ma kauri, jirage kuma za su ci gaba da makara. Ingancin fili da kamfani ana gane shi ne a daren da jirgi bai zo ba: wa ya tsaya, me ya faɗa wa mutane, ina ya kwantar da su.